KAR KI SAYAR DA KEKEN NAN TUKUNA

Yau maganar keken ɗinki za mu yi, tsohon nan baƙi mai zanen ruwan zinare, wanda aka tura ƙuryar ɗaki aka lulluɓe da zani aka jera masa kwanuka a kai. A nan Gazara ba a rasa irinsa a gidaje, wani na gado, wani kuma cikin kayan ɗaki ya zo ranar jere. In kin tambaya sai a ce miki ai ya mutu. Ana nan ana nan sai 'yan gwangwan su biyo layi, a ɗora shi a sikeli a biya kuɗin ƙarfe, kuɗin da ba zai yi cefanen kasuwar Makarfi sau biyu ba. Ni kuwa abin da na gani da idona, yawancin kekunan nan lafiyarsu ƙalau, dauɗa ce kawai ta ɗaure su.

Ba a wajen tela na koyi wannan ba. Kafin a kawo ni garin nan aure, a Sabon Garin Zariya na tashi, a hannun kawuna, kuma shi sana'arsa gyaran ƙarfe ce. Yana da wani ƙaton inji ƙirar Ingila, an rubuta Colchester a jikinsa, wanda ya girmi duk yaran shagon. Aikin injin shi ne ya kama guntun ƙarfe da bakinsa ya yi ta juya shi, sai a matso da wata 'yar wuƙa mai tauri tana fere shi kamar yadda muke fere rake, ɓawon yana zuba a nannaɗe. Da haka ake fitar da noti, ko sandar injin niƙa, ko duk wani abin da ya cinye aka rasa shi a kasuwa. Ni ce mai kai abinci, don haka na sha zama a kan benci ina kallo.

Ranar Juma'a da safe Kawu ba ya karɓar aiki. Sai ya shimfiɗa buhu, ya zuba kananzir a tsohon kwano, ya hau kwance injin. Bakin nan da ke riƙe ƙarfe haƙora uku gare shi, kowanne da lambarsa, 1 da 2 da 3, kuma kowanne da gurbinsa. Ya zare su ɗaya bayan ɗaya ya jera, ya sa buroshi ya fitar da ɓarɓashin da ya maƙale a ciki, ya wanke, ya goge, ya shafa mai kaɗan, sannan ya mayar bi da bi. In aka saɓa jerin, haƙoran ba za su haɗu a tsakiya ba, ƙarfe ya dinga rawa, aiki ya fito a karkace. Daga nan sai ya koma kan dogayen layukan nan biyu masu kama da kwangirin jirgin ƙasa, waɗanda wuƙar ke tafiya a kai. Su ne ya fi daɗewa a kansu. Wata rana na ce, "Kawu, ai jiya ma an goge." Ya ce, "'Yata, mai in ya haɗu da ƙura ya zama dutsen wasa wuƙa. In na bar shi, shi zai cinye mini injin." Yaro kuwa ya kuskura ya ajiye guduma a kan layukan nan, ranar zai ji a jikinsa.

To keken ɗinki ma ƙanen wannan injin ne, ƙarfe ne ke gogar ƙarfe, mai na tsakaninsu.

Shekaru uku da suka wuce mijin ƙanwar maigidana ya rasu ya bar ta da yara huɗu. Da ta gama takaba ta dawo gida, cikin 'yan komatsanta har da keken mahaifiyarsu, Singer, wanda rabon da a taka shi tun tsohuwar na da rai. Wilin ko motsi ba ya yi. Yayyenta maza suka ce a sayar a sai mata buhun masara, kuma ban ga laifinsu ba, yunwa ba ta jira. Ita ce ta same ni da dare ta ce, "Yaya, in aka sayar da keken nan masarar wata nawa za ta yi mana?" Na roƙi maigida ya sa baki a ba mu kwana uku.

Ki san irin abin da ke hannunki kafin ki raina shi. A 1851 Isaac Singer ya yi rajistar kekensa a Amurka, kuma da yawa daga tsofaffin da suka shigo ƙasar nan an ƙera su ne a babbar masana'antar kamfanin da ke Clydebank, kusa da Glasgow a Birtaniya. An rufe masana'antar a 1980, ke nan duk keken da ya fito daga can ya haura shekara 40. Butterfly na ƙasar Sin da ya cika ɗakunan amare daga baya, tsarin wancan aka bi aka yi shi, shi ya sa gyaransu kusan ɗaya ne. Zubin ƙarfe ne mai nauyi, ba ya neman lantarki, ba ya neman fetur, abin da tun da aka cire tallafin mai a 2023 kowa ya san darajarsa.

Da hantsi muka fitar da shi tsakar gida, nesa da murhu saboda kananzir. Kayan aikinmu sukundireba ƙarama da babba, tsohon buroshin haƙori, tsummoki, rabin kwalbar kananzir, man keke, da farantin tangaran guda biyu. Kafin mu taɓa komai na sa ta ɗauki hoton kowane gefe da waya. Muka cire bel, muka zare allura bayan mun lura da inda gefenta mai faɗi ke kallo, domin ba duk keke ne ke fuskantar waje ɗaya ba. Muka kwance farantin da ke ƙarƙashin allura. Tabɗijam! Abin da ke tsakanin haƙoran da ke jan yadi ya dunƙule ya zama kamar ƙullin tabarma, gashin yadi ne da ƙurar hunturu na shekara da shekaru. Da tsinke muka yi ta tono shi.

Da muka kwantar da kan keken muka leƙa ƙasa, nan muka ga ainihin ciwon. Duk gaɓoɓin sun yi ja sun daskare kamar an zuba musu mazarƙwaila. Man gyaɗa ne. Don Allah 'yan uwa, man gyaɗa na miya ne. Ranar da kika ɗiga shi keke zai yi laushi ki ji daɗi, amma in ya sha iska ya kwana biyu sai ya yi danƙo, ya kama ƙura, ya bushe ya riƙe ƙarfe gam. Man ja ma haka, baƙin man inji kuwa ya yi kauri, ga ɓata yadi. Man keke fari ne sal kamar ruwa, kuma kwalba ɗaya sai ta kai ki watanni.

Muka bi kowace gaɓa da kowane ɗan rami na zuba mai muka ɗiga kananzir, muka bar shi ya kwana. Washegari wili ya ɗan motsa. Ba mu tilasta shi ba, gaba kaɗan, baya kaɗan, a ƙara kananzir, a goge jan ruwan da ke fitowa. Kafin azahar yana juyawa da yatsa ɗaya. Ƙoshiya da gidanta muka ciro muka jiƙa a kwano, muka cuɗe da buroshi, inda tsatsa ta ɗan taɓa muka murza da tsumma da mai har ya yi santsi.

Wurin da ya fi son natsuwa shi ne ɗan abin nan na gaba da ke matse zare. In kin kwance notinsa za ki ga waya mai nannaɗe da 'yan faya-fayai biyu masu kama da bakin faranti. A nan na tuna haƙoran injin Kawu. Yadda suka fito haka muka jera su a faranti daga hagu zuwa dama, muka goge, muka mayar daga dama zuwa hagu, kuma su ba a sa musu mai ko ɗigo, in ba haka ba zare zai dinga sulɓewa. Haka ɗan zoben nan mai kunnuwa da ke bayan wili, ki duba yadda yake zaune kafin ki cire, don in ya juya, allura za ta yi ta sukuwa lokacin da kike naɗa zare a kwarkwaro.

Akwai kuma inda ba ruwanki. Sandar da ke riƙe allura da notunan da ke haɗa ta da ƙoshiya a ƙasa, an daidaita su ne yadda bakin ƙoshiya zai cafki zare daidai lokacin da allura ta fara tasowa. In kika kwance su sai mai gyara. Jikin keken kuma kar ki kai masa ruwa da omo, zanen zinaren zai tafi, tsatsa ta shigo. Tsumma mai laushi da ɗigon man keke ya isa.

Abu ɗaya ne ya gagare mu. Wani ƙarfe da ke haɗa feda da babban wili na ƙasa ya cinye, yana ta ƙwas-ƙwas. Muka ba direban da ke zuwa Zariya tsohon ya kai wa masu irin injin Kawu, aka auna aka fere sabo, ya dawo mana da shi da yamma a ƙulle cikin leda.

Rana ta uku muka bi ko'ina da man keke, ɗigo ɗaya ɗaya, muka taka shi babu zare a kan tsumma har ya daina fitar da baƙi. Ɗinkin farko zaren ƙasa ya yi ta tattarewa, muka ƙara matse na sama kaɗan, ya daidaita. Ta fara da facin kayan yara da bakin zani, da kuɗin rake ya shigo gari aka hau bukukuwa sai ga hijabai da zannuwan gado. Yanzu duk ranar Juma'a da safe takan cire farantin allura ta share haƙoran, ta ɗiga mai, in ta gama ta rufe shi da tsohon zanin tsohuwar saboda ƙura. Babbar 'yarta ma ƙafarta ta fara kai feda.