Zuwa Ga Yaya, Daga Ohayo



Yaya, bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali da Inna da yaran gida baki ɗaya. Ina ƙara yi mana ta'aziyyar Kawu. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta, mu kuma Ya ba mu haƙurin rashinsa.

Labarin abin da aka riƙa faɗa a wurin zaman makoki ya iso ni, wai wane irin nema ne zai hana mutum zuwa ko da sadakar arba'in. Kai dai ka san yadda ake ciki. Takarduna ba su fito ba, in na fita yanzu komawa sai wani ikon Allah. Ga rufin ɗakin Inna, ga kuɗin makarantar marayun da Kawu ya bari, kuma masu maganar ba su za su biya ba. Sai dai ba zan ɓoye maka ba, maganar ta tsaya mini a rai, ko da dare ina sito ina ɗaga kwalaye ita nake juyawa. Shi ya sa yau na ce ba saƙon murya zan turo ba, bari in zauna in rubuta. Akwai abin da na gani a ƙasar nan da nake so ka ji. In za ka karanta wa Inna, ka tsallake inda bai dace da kunnenta ba.

Dattijon da nake haya a saman gidansa a nan Kolombos Bature ne, ya haura 70. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa biyu, macen tana Tekzas, namijin yana Kalifoniya. Aikin lantarki ya yi har ya yi ritaya. Mutumin kirki ne, tsakani da Allah, bai taɓa ɗaga mini murya kan kuɗin haya ba. Amma yana da wata ɗabi'a. A ɗakinsa na ƙarƙashin ƙasa ya kakkafa katakai tun daga ƙasa har rufi, ya jere tsofaffin injinan shara, irin masu zuƙe ƙurar nan. Na tsaye da ake turawa ya ce ba ruwansa da su. Nasa masu tulu ne, waɗanda tulun ke ƙasa kana janye da shi da mesa kana zaga ɗaki. Kowanne an goge shi yana ɗaukar ido, da 'yar takarda a rataye an rubuta shekarar da aka ƙera shi da gidan da ya fito. Ina gani sai jeren kwallar Goggo ya faɗo mini, wanda ba a zuba abinci a ciki kuma ba mai taɓawa sai ita. Na ce a raina, to ita mace ce kuma aure ya kawo mata, shi wannan namiji da furfurarsa fa?

Wanda ya fi ji da shi wani Electrolux ne, samfurin da suke kira na 30, wanda aka fara fitarwa a 1937. Dogo ne a kwance, ba taya, sai wasu siraran ƙarafa biyu a ƙasa da yake sulalewa a kansu. Asalin kamfanin na Suwidin ne, amma wannan a garin Old Greenwich na jihar Konetikat aka ƙera shi, kuma wani mai suna Lurelle Guild ne ya zana siffarsa. A zamanin, in ji dattijon, dillali ne ke bi gida-gida yana ƙwanƙwasa ƙofa, ya watsa datti a kan kafet ɗin matar gida da gangan, sannan ya zuƙe shi a gabanta. Ya jona shi a wuta ya ce in ɗora tafin hannuna a bakin mesar. Yaya, injin da aka ƙera tun kafin a ba mu mulkin kai, sai ga shi ya cafke mini hannu gam, kuma ƙararsa ba ta hana mu jin maganar juna ba.

Akwai kuma wani na Hoover da ake kira Constellation, na shekarun 1950, kewayayye kamar ƙwallo. Shi ma ba taya. Iskar da ya zuƙa ta ƙasansa yake fitar da ita, sai ta ɗan ɗaga shi ya riƙa shawagi, in ka tura shi da yatsa ɗaya sai ya lula can ƙarshen ɗaki. Na yi dariya har na manta a gaban babba nake. Ya nuna mini Rainbow, mai kwanon ruwa a ƙasa, ƙurar tana faɗawa cikin ruwan ne ka je ka zubar. Wannan kam na yarda an yi hikima. Ashe ma a jihar nan tamu kamfanin Hoover ya samo tushe. Wani mai shara a wani babban kanti a garin Canton, James Spangler, ƙura tana tayar masa da asma, shi ne a 1907 ya haɗa injin fanka da akwati da sandar tsintsiya da rigar matashi ya yi na farkonsa. A 1908 ya sayar wa mijin 'yar uwarsa, William Hoover, wanda sana'arsa ta kayan fata ce. Sunan mai kuɗin aka sani a duniya, mai sharar sai masu bincike. An rufe masana'antar kamfanin da ke garin North Canton a 2007.

To duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ya hana ni barci shi ne inda yake samo su.

Wata Asabar da sassafe ya ce in raka shi in kama masa kaya. Muka isa wata unguwa shiru, muka tarar da mutane sun yi layi a ƙofar wani gida, kowa an ba shi lamba. Na ɗauka gaisuwar mutuwa ce, don ya gaya mini tsohuwar gidan ta rasu. Har na fara tunanin abin da zan ce wa masu gida. Aka buɗe ƙofa, muka shiga da takalmanmu, sai na ga komai na gidan an manna masa 'yar takardar farashi. Komai, Yaya. Kofunan shayi, tukwane, labule, gadon da ta kwana a kai, zanen gadon, sandar da take dogarawa. Silifas ɗinta suna nan a gefen gado inda ta cire su, dala 1. Tabaraunta a kan tebur, dala 2. Kwalbar turare an sha rabi, ita ma da kuɗinta. Wata mata ta buɗe sif ɗin marigayiyar ta zaro rigar sanyi, ta saka, ta tsaya gaban madubin marigayiyar tana jujjuyawa. Wani yana taya agogon bango, ana ce masa ya dawo gobe, ranar ƙarshe komai rabin kuɗi ne. A kan teburin cin abinci akwai kwali cike da hotuna, na aurenta, na 'ya'yanta suna jarirai, na wani saurayi cikin kakin soja, baƙi suna tonawa suna zaɓa. Ba mai kuka, ba mai addu'a, ko sunanta ban ji wani ya ambata ba. Dariya ma ake yi a kicin.

Na jawo dattijon gefe na ce, ina magada? Ya ce sun zo sun ɗauki abin da suke so sun koma garuruwansu, sauran an ba kamfani, shi zai sayar ya cire kasonsa. Na ce, abin da bai sayu ba fa? Ya nuna mini ta taga, ga wani ƙaton mazubin shara na ƙarfe an ajiye a ƙofar gida yana jira. Ya faɗa mini haka ne kamar yana gaya mini farashin fetur. Ya ƙara da cewa gidan dole a sayar, wataƙila akwai bashin gidan kula da tsofaffi inda ta ƙarasa kwanakinta. Wato ba ma a ɗakinta ta cika ba.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ɗakin kwanan mace, wanda ko ɗanta da ya balaga sai ya yi sallama, yau ga ƙattin da ba su san ta ba suna buɗe durowarta. Ina kunya, ina kara? Mace ta haifa, ta raina, ta aurar, a ƙarshe a rasa wanda zai naɗe mata zanen gado ya ce wannan na uwata ne. Na tuna yadda ka ce an yi da rigunan Kawu, babbar ta tafi wurin liman, sauran aka bi maƙwabta masu ƙaramin ƙarfi, duk wanda ya saka zai ce Allah Ya jiƙan mai ita. Nan kuwa wanda ya saka cewa zai yi ya samu araha. Na fita na tsaya a waje, ƙafafuna ba su ɗauke ni ba. Kuma abin ba sau ɗaya ba ne, duk ƙarshen mako sai ka ga allunan tallarsa a bakin titi, akwai ma waɗanda yawon shaƙatawarsu ke nan, su tashi daga gidan wannan mamaci su faɗa na wancan da kofin kofi a hannu. Duk mai ce maka Amurka aljannar duniya ce, ka ce ya je ya tsaya a layin nan.

Amma kada in cika baki. Gonar Baba Ƙarami shekara nawa tana gaban alƙali, 'yan uwa ciki ɗaya ba sa gaisawa? Su nan mutum tun yana da ransa yake zama da lauya ya rubuta komai, ba a kai ruwa rana. Wannan dai na ba su, ko da yake da an bi abin da Allah Ya tsara mana ba mu da buƙatar koyo wurin kowa.

A ƙasan wani kabad dattijon ya samo abin da ya kawo shi, wani Electrolux da dukkan kawunansa a cikin kwalinsu na asali, har da rasit ɗin saye a ninke. Dala 15 ya biya. Kafin mu fito na ji yana tambayar ma'aikaciyar kamfanin sunan marigayiyar. A duk layin nan shi kaɗai ya tambaya. Da muka koma gida ya shimfiɗa tsumma, ya warware injin gunduwa-gunduwa, ya jere kusoshi a murfin kwalba don kada su ɓata. Ya canza kabon, ya ɗiga mai inda ke juyawa, ya sa sabuwar waya, ya wanke jakar ƙura ya shanya. Yana yi yana cewa, “Matar nan ta riƙe shi da kyau, dubi, ko tsatsa babu.” Sannan ya rubuta sunanta a takarda ya rataya. Na rasa yadda zan ɗauki abin. Suna a jikin inji ba addu'a ba ne, ba zai kai mata komai ba. Duk da haka, abin da 'ya'yan cikinta ba su yi ba, wani baƙo ya yi.

Suna da ƙungiya ma, ta masu tara irin waɗannan injinan, tun shekarun 1980. Duk shekara suna haɗuwa a wani gari, kowa ya zo da nasa, a yi ta kunnawa ana sauraron ƙara. In wani ya rasa ƙafar inji ko mesa, wani daga wata jiha zai aiko masa ta gidan waya. Dattijon ya ce a wasiyyarsa su ya bar wa nasa, don ya san 'ya'yansa mazubin shara za su kai su. Na tambaye shi yaushe rabon da su zo, ya ce tun Kirsimetin bara waccan, ya ci gaba da goge ƙarfensa. Ban ƙara magana ba. Me zan ce, ni da Inna take ƙirga salloli ba ta gan ni ba? Kowa ya bar gida, gida ya bar shi, na sani, ba sai an tuna mini a wurin makoki ba.

Ya ba ni ɗaya kyauta, kuma na karɓa. Ran Alhamis da yamma nakan kai shi ɗan masallacinmu in share kafet kafin Juma'a. Na farko da aka saya mana sabo na roba ne, bai daɗe ba ya mutu, aka ce gyaransa ya fi sayen wani tsada. Wannan tsohon kuwa da sukundireba ɗaya ake buɗe shi. Yanzu ni ma in na ji ƙarar inji nakan gane ko mai yake so, kuma in ka tambaye ni, na 30 ɗin nan ya fi Constellation, wancan wasa ya fi yawa a cikinsa. Na so in aiko wa Inna ɗaya saboda ƙurar hunturu, sai dai wutarsu 120 ce, tamu ta kusa ninka ta, ana jonawa zai ƙone. Kuma na san abin da za ta ce, tsintsiyarta ba ta jiran a kawo wuta.

Ga roƙona. Keken Baba Raleigh da ke jingine a zaure, da keken ɗinkin Inna Singer, na ji an ce yara sun fara maganar a kira 'yan gwangwan. Don Allah ka hana. Ka kai na hawan wurin mai gyara a sa masa taya da sarƙa, na ɗinkin kuma a goge a ɗiga masa mai a rufe, kuɗin ni zan biya. Ka tambayi Inna shekarar da aka saya mata shi da wanda ya kawo, ka rubuta ka ajiye. Saƙon ƙarshen wata yana tafe in sha Allah, a fara cire na matar Kawu tunda tana takaba, sannan kwanon rufi. Ka gaida Inna ka roƙa mini gafararta, ka gaida Goggo da Malam da duk wanda ya tambaye ni, har da masu maganar.

Wassalam.

Ƙaninka.