Jitar bes ta gwanjo a Lome: abin da makaɗa ke dubawa kafin su biya

A Adidogome, unguwar da titin Kpalime ya ratsa a arewa maso yammacin Lome, dab da iyakar Gana, masu kaɗa jitar bes ba su cika ɓata lokaci kan waƙa ba idan sun haɗu. Hirarsu ta kaya ce. Wane ya samo Yamaha a kwantenar da aka buɗe a bakin tashar jiragen ruwa, wane ya sayar da amfilifayarsa ya biya kuɗin haya, wane kuma ya kai Fender ɗinsa wurin mai gyara aka gaya masa suna kawai ya saya. Yawancinsu da kayan hannu suke aiki. Sabuwar jita mai suna, idan aka haɗa da kuɗin dako da na kwastan, ta fi ƙarfin mutumin da abincinsa ke fitowa daga kiɗan coci ran Lahadi da na biki ko jana'iza ran Asabar.

Bahaushen Lome zai iya cewa ina ruwansa. Kunnensa da kalangu ya saba, da gurmi, da kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos, kuma kaurin sautin da yake ji a ƙarƙashin waƙoƙin Kannywood yawanci daga fiyanon Yamaha yake fitowa, ba daga tsirkiya ba. Amma da ruwansa. Tun kafin a tashi tsohon Zango daga tsakiyar gari a 1977 a mayar da mutanensa arewacin birni, wajen Agoè, fatauci ne sana'ar gidan, kuma har yau kayan da suka sauka a tashar Lome suna bin babban titin arewa zuwa Cinkassé, su shiga Burkina Faso, su wuce Yamai da Maraɗi. Hanyar ta ƙara cika tun da aka rufe iyakar Nijar da Binin bayan juyin mulkin 2023. A Nijar kuwa akwai ƙungiyoyi irin su Tal National da ba sa hawa dandali sai da bes. Ba abin mamaki ba ne a bugo wa ɗan kasuwa waya daga Yamai a ce, “Alhaji, don Allah in ka ga bes mai kyau ka haɗo mini da kayanka.” Alhajin da ya san shadda da hannu, a nan sai ya tsaya yana kallon fenti.

Fenti kuwa shi ne abu na ƙarshe da makaɗi ke kallo.

Jitar bes irin wadda aka sani yau ta fito ne a 1951, lokacin da Leo Fender ya fitar da Precision a Kaliforniya, sannan Jazz Bass ta biyo baya a 1960. Mutumin asalinsa mai gyaran rediyo ne, kuma tunanin mai gyara ya sa a cikin aikin: gangar jiki daban, wuya daban, sukurori huɗu suka haɗa su, kowane ɓangare ana iya kwance shi a sa wani. Wannan ne ya sa kasuwar gwanjonta take da rai, shi ne kuma ya sa take da haɗari, domin jita guda tana iya zama haɗin gambizar jita uku.

Tsofaffin hannu a Adidogome sukan fara da wuya, kuma suna daɗewa a kansa har mai kaya ya fara ƙosawa. Dalilinsu a fili yake. Tsirkiyoyi huɗu na bes, tsawon inci 34 daga jaki zuwa kai, suna jan wannan siririn katako da ƙarfin da ya kai kilo 70 zuwa 80, dare da rana. Abin da ke hana shi lanƙwashewa wata sandar ƙarfe ce da aka binne a cikinsa, wadda ake ɗaurewa ko sassautawa da ɗan makulli. Mai saye zai ɗaga jitar ya kalli wuyan daga kai zuwa gindi da ido ɗaya. Idan ya ɗan rusuna gaba, ba komai, ana gyarawa. Idan ya murɗe, gefe ɗaya ya fi ɗaya tashi, magana ta ƙare ko da kyauta za a ba shi. Daga nan sai ya danne tsirkiya a kan na farko da na ƙarshe cikin ƙarafan da ke jere a wuyan lokaci guda, ya leƙa tsakiya, wajen ƙarfe na bakwai ko na takwas. Tazarar da ake so ba ta wuce kaurin katin gayyata ba. Sai kuma ya nemi izini ya juya sandar kwata ɗaya. Idan ta juya, wuyan ya amsa, jitar tana da sauran rai. Idan ta ƙi, ko kan ƙusar ya lalace makulli yana zamewa, to wani ya riga ya yi mata ta ƙarfi, kuma gyaran yana iya fin kuɗin jitar. Mai kayan da ya hana a taɓa sandar ya riga ya ba da amsa.

Yanayin Lome ma yana da nasa hukunci a kan katako. Jitar da ta shekara goma a ɗakin wani a Faransa ko Jamus tana sauka a garin da iskarsa ke cike da laima da gishirin teku. Katako ya sha danshi ya kumbura, sukurori su yi tsatsa, maɓallan ƙara su fara ƙarƙara idan an murɗa su. Disamba na yi hunturu ya sauko, katakon ya bushe ya tsuke, ƙarafan wuya kuma ba sa tsukewa tare da shi, sai bakinsu ya leƙo yana kartar yatsa. Makaɗan da suka san wannan sukan daidaita wuyan jitarsu sau biyu a shekara, kuma ba sa yanke hukunci kan sabuwar sauka sai ta yi makonni tana shan iskar gari.

Maganar suna ita ce ta fi kawo gardama. Tambarin Fender takarda ce da ake liƙawa a shafa mata man ƙyalli, kuma masu liƙa ta a kan jitar da ba ta taɓa ganin Amurka ba suna da yawa a duniya. Akwai alamun da ke taimakawa: lambar da ta fara da MN ta masana'antar Meziko ce ta shekarun 1990, MZ ta shekarun 2000, MX kuma daga 2010. Squier, ƙaramar 'yar gidan Fender da aka fara ƙerawa a Japan a 1982, daga baya ta koma Koriya, Sin da Indunusiya, kuma ta farkon nan ta Japan masana suna nemanta ruwa a jallo. Sai dai wanda ya iya liƙa tambari ya iya liƙa lamba. Shi ya sa mai gyara yakan kwance wuyan ya duba hatimin da ke gindinsa da aikin wayoyin ciki. A ganin mai wannan rubutu, duk wannan binciken amfaninsa ɗaya ne, kada mutum ya biya kuɗin asali a kan jabu. Wajen kiɗa kuwa, Yamaha BB ko Ibanez SR ko Cort ta gaskiya mai lafiyayyen wuya ta fi Fender mai shakku, kuma babu mai ɓata lokacinsa yana yin jabun jitar da dama can ba ta da tsada.

Bayan saye sai gyare-gyare, kuma a nan ne kuɗi ke zubewa a banza. Saurayi zai sayi bes yau, gobe ya fara tambayar inda zai samu sabon fikof, wato maganaɗisun da ke ƙarƙashin tsirkiya yana ɗaukar motsinta, saboda ya ji ana yabonsa a YouTube. Manyansa sukan ce masa, “Ƙanena, bari a fara saita ta tukuna.” Saitin bai wuce daidaita wuya, sauke ko ɗaga jaki, da gwada sautin ƙarfe na 12 da na tsirkiya sake har su zo daidai ba. Aikin awa ɗaya ne, kuma sau da yawa shi ke mayar da jitar da ake kuka da ita abin so.

Gyaran da ya fi cancanta a Lome ba shi da ƙawa ko kaɗan: maganin gurnani. Fikof ɗin Jazz Bass guda biyu ne, kowanne shi kaɗai yana kwasar hayaniyar wutar lantarki, sai an buɗe su daidai da juna suke kashe gurnanin. Na Precision tun 1957 aka raba shi gida biyu don ya kashe nasa da kansa. A ɗakin da wayar wutarsa ba ta da ta ƙasa, ga fanka, ga fitila mai tsawo, ga janareto a bayan taga, bambancin a fili yake. Maganin shi ne a shimfiɗa takardar tagulla a ramin wayoyi, a tabbatar wayar da ta tafi ƙarƙashin jaki ba ta tsinke ba, a canza ramin jak idan ya saki. Duk mai gyaran rediyo mai tsabtar dalma zai iya, kuma Adidogome, unguwar da ke da babbar makarantar koyon fasaha, ba ta rasa irinsu. Kayan aikin da aka rasa a Lome akan aika Zongo Lane a Akara ko kasuwar Alaba a Legas.

Masu bes mai batir, irin tsarin da Music Man StingRay ta yaɗa tun 1976, suna da tasu damuwar. Batir mai bolt 9 ne, kuma muddin waya tana soke a jita yana ci ko ba a kiɗa. Jitar gwanjo da yawa da ake cewa sun mutu batir ne kawai ya ƙare, ko ya zubar da ruwa ya ci wayarsa. Wanda ya san haka yakan je kasuwa da sabon batir a aljihu, kuma ba ya sanar da mai kaya sai an gama ciniki.

Tsirkiya tana da tsada, gumi kuma yana kashe ta da wuri. Daɗaɗɗiyar dabara ita ce a tafasa ta a ruwa na 'yan mintoci a shanya ta sosai, sai ƙyallin sautin ya dawo na ɗan lokaci. Bayan tafasa biyu ko uku ba ta ƙara amsawa. Wasu kuma ba sa son ƙyallin ma. Hujjarsu James Jamerson, mutumin da ya kaɗa bes a ɗimbin waƙoƙin Motown da Precision ta 1962 da tsirkiya mai santsi wadda ba ya canzawa sai ta tsinke. Ga kiɗan da bes ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da ganga, irin na Poly-Rythmo ta Kwatano ko na Vaudou Game ta Peter Solo, tsohuwar tsirkiya ba aibu ba ce. Mai son marin tsirkiya da babban yatsa irin na kiɗan coci na zamani, shi kam dole ya saya.

Akwai kuma masu cire ƙarafan wuya gaba ɗaya don sauti ya riƙa zamewa kamar na goge. Sun ji cewa Jaco Pastorius ya ciccire na Jazz Bass ɗinsa ta 1962, ya cike ramukan, ya shafe wuyan da man da ake shafa wa jirgin ruwa. Sun ji Richard Bona na Kamaru, sun ji Bakithi Kumalo na Afirka ta Kudu a faifan Graceland na Paul Simon na 1986, da Washburn marar ƙarafa wadda shi da kansa ya ce ya saye ta ne don ita ta fi araha a kanti. Abin da ba a cika faɗa wa saurayi ba shi ne, da ƙarafan sun fita, kunne da yatsa ne kaɗai za su nemo sauti, kuma kuskuren rabin santimita kowa zai ji shi. Mai jita ɗaya da yake ci da ita bai kamata ya yi mata wannan tiyatar ba.

Amfilifaya ta fi jita saurin cin kuɗin mutum. Wutar Togo bolt 220 ce, ta Amurka 120. Peavey ko Ampeg ko Hartke da ta fito daga can, idan ba a karanta rubutun bayanta ba aka soka ta a bango, hayaƙi ne zai ba da labari. Wasu suna da maɓallin sauyawa, wasu sai da taransifoma. Lasifikar ma sai an gwada ta da tsirkiya mafi kauri, wadda motsinta kusan sau 41 ne a daƙiƙa, ko sau 31 a bes mai tsirkiya biyar. Takardar da ta tsage ko ta saki a nan take tona kanta da kakari. Amfilifayar jita ta yau da kullum ba a gina lasifikarta don wannan nauyin ba, kuma aro na dare ɗaya ya isa ya jawo biyan diyya.

Sai batun asalin kaya. Jita tana ɓacewa daga coci, daga bayan mota, daga ɗakin gwaji, kuma makaɗan gari ɗaya sun san kayan juna da tabo da karce. Ta Jaco ma an sace ta a New York a 1986, ta yi kusan shekara 20 kafin ta sake bayyana. Wanda aka kawo wa bes cikin dare a rabin kuɗi, ba jaka ba waya, gara ya ɗauki hotonta da lambarta ya tura wa abokan sana'a kafin ya miƙa ko sefa ɗaya, sannan a yi takarda da shaida.

Wadda za ta tafi arewa kuwa, masu aikawa sukan ɗan sassauta tsirkiyoyinta, su naɗe kanta da tsumma, su roƙi direba kada ya sa ta kusa da rufin mota inda rana ke dukanta. Kuma sukan gaya wa mai karɓa a Maraɗi ko Yamai kada ya bugo waya da faɗa a makon farko idan ya ji tsirkiya tana taɓa ƙarfe: katakon da ya sha laimar Lome bushewa yake yi, ya bar shi mako biyu ko uku, sannan ya kai wa mai makulli.