WOLONG, DAJIN PANDA A ƘASAR SIN

Ƙasar Sin, ƙasar Shinuwa, tana can gabas mai nisa. A cikinta akwai wata jiha, sunanta Sicuwan. Babban birnin jihar shi ne Cangdu. In matafiyi ya bar Cangdu ya nufi yamma, sai hanya ta kama hawan dutse. Bayan kilomita 130 ko kusa da haka, sai ya iso wani kwari mai suna Wolong.

Wolong ƙasar duwatsu ce masu tsawo. Ruwan sama yana da yawa. Gajimare yana saukowa har ya rufe itatuwa. Da sanyi ƙanƙara tana zuba. Ƙarƙashin manyan itatuwa gora ce ta tsiro cunkus, mutum ba ya ratsa ta sai da wahala. Cikin wannan gora wata dabba take zaune, ana ce mata panda.

Panda tana da farin jiki. Ƙafafunta da kunnuwanta baƙaƙe ne. Akwai baƙi kewaye da idanunta, kamar ta sha kwalli. Babba takan kai kilo 100, nauyin babban buhun hatsi ke nan. Duk duniya ba a samun ta a daji sai a ƙasar Sin.

Abincinta gora. Gora kuwa ba ta riƙe ciki. Don haka panda takan ci kilo 12 ko fiye kowace rana, tana zaune tana tauna dare da rana. Haihuwarta ma da wuya. Kwana 2 ko 3 kaɗai a shekara mace take karɓar namiji. Ɗanta yakan zo ƙarami kamar ɓera, gram 100, ido rufe. In ta haifi tagwaye, guda take iya raino. Makiyayi ya san zancen: garken da ba ya haihuwa da yawa, in ya ragu, yana daɗewa bai cika ba.

Ba panda kaɗai ke zaune Wolong ba. Akwai manoma wajen 5,000. Suna noman masara da dankalin turawa a gindin dutse. Suna saran itace don dahuwa da jin ɗumi. Gwamnati ta mai da wurin gandun daji a 1963, amma sara bai tsaya ba.

A 1983 masifa ta sauka. Gora tana da wani hali: bayan shekaru masu yawa sai ta yi fure gaba ɗaya, ta zubar da iri, ta bushe. Kafin sabuwa ta girma sai an yi shekaru. A da, in gorar kan dutse ta mutu, panda takan gangara ƙasa ta sami wata irin gora. To, a wurare da yawa gonaki da hanyoyi sun tare mata hanya, kamar yadda gona take cinye burtali. Yunwa ta kashe panda da dama. Ƙidayar da anka yi cikin shekarun 1980 ta sami panda 1,114 kaɗai a duk ƙasar.

A 1998 babban kogin Yangtse ya yi ambaliya, mutum fiye da 3,000 sunka mutu. Anka gane saran itatuwan duwatsu ya ƙara ma ruwa ƙarfi. Gwamnati ta hana sara a dazuzzukan kan kogin. Daga 1999 anka fara ba manomi hatsi da kuɗi in ya bar gonarsa ta gangaren dutse ta koma daji. A 2001, a Wolong, anka raba ma gidaje daji su yi tsaro, ana biyan su. In anka sari itace a yankin wani gida, sai a rage masa kuɗi. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Daji ya fara komowa. Ƙidayar da anka bayyana a 2015 ta sami panda 1,864. A 2016 masana na duniya sunka fitar da ita daga jerin dabbobin da ke gab da ƙarewa. A 2021 gwamnati ta haɗa gandaye da yawa, har da Wolong, sunka zama babban gandu guda.

Duk da haka panda ba ta tsira sarai ba. Har yanzu dajinta gutsu-gutsu yake. Wasu ƙananan garkuna suna can kan dutse su kaɗai, ba su gamuwa da ƴan uwansu balle su hayayyafa. A wasu gandaye kuma shanu da dawaki suna shiga suna cinye gora.

Nijar ma tana da tata dabbar da ta kusa ƙarewa. A Kure, kilomita 60 daga Yamai, akwai raƙuman dawa. Irinsu sun ƙare a sauran ƙasashen Afirka ta Yamma. A 1996 saura 49 kaɗai, saboda farauta da fari da saran itacen da ake kaiwa birni. Raƙumin dawa yana cin ganyen gawo, yana kuma shiga gona ya ci wake, manomi ya yi hasara. Anka hana kashe su. Anka taimaki ƙauyuka da rijiyoyi da ƙananan basussuka. Kafin 2018 sun wuce 600. A shekarar nan anka ɗauki 8 anka kai su gandun dajin Gadabeji, cikin jihar Maraɗi, inda kakanninsu sunka taɓa kiwo.

Can ƙasar Sin da nan Kure, dabbar dawa ta ƙaru ne lokacin da manomin da ke maƙwabtaka da ita ya sami rabonsa cikin tsaron daji.