Ruwan Goro a Harshen Na'ura

Ƙwan fitilar da ake kira LED bai fi ƙwayar wake girma ba, amma irin wanda ake yin ado da shi yana ɗauke da ƙananan fitilu uku a cikinsa: ja da kore da shuɗi. Daga waɗannan ukun ake haɗa sauran launuka. Shuɗin ne ya daɗe yana ba masana wahala, har sai da wasu mutanen Japan uku, Akasaki da Amano da Nakamura, suka ƙera mai haske sosai. Saboda wannan aiki aka ba su kyautar Nobel a shekarar 2014.

Fitilun ba sa yin komai sai an umurce su. Ana rubuta umurnin a kwamfuta, a tura shi zuwa wani ɗan allo mai suna Arduino, shi kuma ya isar wa fitilun. Ƙarfin kowane launi yana tsakanin 0 da 255. Idan ja ya kai 255, sauran biyun suna 0, sai a ga ja zalla. Idan duka ukun suka cika, fari ne zai fito. Ta haka ana iya samun launi fiye da miliyan 16.

Ɗalibaina na ƙungiyar kimiyya sun taɓa jera fitilu 60 don su nuna faɗuwar rana a bangon ajinsu. Gardama ce ta sa suka kira ni, ni da nake koyar da Hausa. Wata yarinya ta ce sararin ya zama ruwan goro, mai rubuta umurni kuwa ya ce a ba shi lamba, domin na'ura ba ta san goro ba.

Bahaushe yakan aro sunan launi daga abin da ido ya saba gani: ruwan toka, ruwan ƙasa, ruwan hoda, ruwan ɗorawa. Ruwan goro shi ne launin da goro yake bari a baki idan an tauna shi. Wanda ya koyi wannan kalma ya koyi wani abu game da masu harshen, abin da lamba ba za ta gaya masa ba. Sai dai kuma kalmar tana da faɗi. Mutum goma za su furta ta, kowa da irin goron da yake tunawa.

Yaran suka sa ja a 255, kore a 128, shuɗi a 0. Abin da ya fito ya fi kama da ɗorawa. Wani ya ruga bakin ƙofar makaranta ya sayo goro, ya tauna, aka shafa a farar takarda, aka ɗaga ta kusa da fitilun. Suka yi ta rage koren kaɗan-kaɗan, sai da ya sauko 70 yarinyar ta ce, "Yauwa, shi ke nan!" Kusa da lambar, a layin da na'ura ba ta karantawa, mai rubutun ya rubuta: ruwan goro.