Gasasshiyar taliya da abin da tsofaffin Italiya suka sani a kanta

Gasasshiyar taliya abincin ranar Lahadi ce da ranakun biki a gidajen Italiya, lokacin da 'ya'ya da jikoki ke haɗuwa a gidan kaka. Ana jera taliya da miya da cuku hawa-hawa a kwanon gashi, a saka a tanda. Kowane yanki da irin tasa. A Bolonya, lazanya ce mai faffaɗan ganyen taliya da aka kwaɓa da ƙwai da alayyafo, da miyar niƙaƙƙen nama da farar miyar madara. A Napoli ana ƙara ƙananan curin nama da dafaffen ƙwai da cukun rikota. A Palermo ta tsibirin Sisili kuwa, 'yan ƙananan zobban taliya ake gasawa. A da, gidaje da yawa a kudancin ƙasar ba su da tanda, sai a kai kwanon wurin mai gasa burodi na unguwa.

Aikin yana farawa ne daga miya, kuma a nan tsofaffi suka fi tsanantawa. Ana soya albasa da karas da seleri da aka yanka ƙanana a kan wuta kaɗan har su yi laushi, sannan a zuba nama a bar shi ya soyu ruwansa ya ƙone, kafin tumatir ya shiga. Daga nan miyar za ta yi awa 2 ko fiye tana ɓararraka a hankali. Wanda ya ƙara wuta don ya gama da wuri zai sami nama mai tauri da tumatir mai tsami. Shi ya sa mata da yawa ke dafa ta tun ranar Asabar, domin kwanan da ta yi yana ƙara mata daɗi. Mutanen Bolonya sun ɗauki miyar nan da muhimmanci har aka yi rajistar yadda ake yin ta a cibiyar 'yan kasuwar birnin a 1982. A wannan tsarin akwai naman alade da giya, amma naman shanu zalla da romo suna wadatarwa ga wanda ba ya ci.

Farar miyar ba ta da wuya: man shanu da fulawa daidai wa daida, a zuba madara kaɗan-kaɗan ana juyawa don kada ta yi gudaji, a sa gishiri da gyaɗar ƙamshi.

Kuskuren da ya fi yawa ga sabon hannu yana wajen dafa taliyar. Tanda ma dahuwa ce, saboda haka gogaggiyar mai girki takan tsame taliya daga ruwa saura minti 2 ko 3 ta nuna, tana da ɗan tauri a tsakiya. Ragowar dahuwar a cikin miya za ta yi ta, tana shan romon. Don haka ne ma ake barin miyar da ɗan ruwa-ruwa. Idan ta yi kauri tun a tukunya, abincin zai fito a bushe. Ana fara shafa miya a gindin kwano kafin taliya ta sauka, kuma kowane hawa sirara ake yinsa. Yawan cuku ba gwaninta ba ce, yana danne ɗanɗanon naman ne kawai. A sama ake barbaɗa cukun Parmigiano, wanda doka ta ce sai ya yi aƙalla wata 12 a ajiye kafin a sayar da shi da wannan suna.

Gashin yakan ɗauki minti 30 zuwa 40 a zafin digiri 180, har saman ya yi ja, gefuna su yi ƙanzo. Yara kan yi rigima a kan waɗannan kusurwoyi, kuma kaka ce ke raba gardama. Bayan an sauke, ba a sa wuƙa sai ya huta kamar minti 15, ko da kowa ya zauna yana jira. Idan an yanka da zafinsa, hawan duk zai rushe miya ta malale. Idan ya huta, yankan zai tsaya da kansa a faranti. Abin da ya rage ana ɗumama shi washegari, a rufe kwanon don kada saman ya ƙone.