Yabon Gwani Ya Zama Dole, Ko Da Kuwa Mace Ce

A cikin watan Mayu na shekarar 1964 wani gidan talabijin na ƙasar Ingila ya tara samari da 'yan mata a wata tsohuwar tashar jirgin ƙasa da ke birnin Manchester, domin su kalli waɗansu makaɗa baƙar fata da suka zo daga Amurka. 'Yan kallo suna wannan gefe na layin dogo, makaɗa suna wancan gefe. Ana cikin haka sai ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Da ya tsagaita sai ga keken doki ya tsaya, wata mata mai shekara 49 ta sauko sanye da babbar rigar sanyi da takalmi mai tsini, ta rataya farar jita mai aiki da lantarki, ta ɗauko waƙar da ke zancen ruwan sama, ta shiga kaɗawa. Hoton wannan rana yana nan har yau, wanda duk ya kalle shi kuwa ba ya bukatar a gaya masa cewa gwana ce.

Sunanta Sister Rosetta Tharpe. Yabon da aka fi yi mata a zamaninta shi ne, wai tana kaɗa jita kamar namiji. Masu faɗin haka da zuciya ɗaya suke faɗi, a ganinsu sun kai ta ƙololuwa. An ce idan aka yi mata wannan yabo takan amsa cewa ai babu namijin da zai iya irin kiɗanta. Mai karatu yana iya ɗaukar wannan a kan cika baki, amma in ya bi lissafin shekaru zai ga tana da hujja.

An haife ta a 1915 a wani ƙaramin gari mai suna Cotton Plant, cikin jihar Arkansas. Uwarta mai wa'azin coci ce kuma makaɗiya, tun tana 'yar ƙanƙanuwa take biye da ita wuraren taron ibada tana waƙa tana kaɗa jita. A 1938 kamfanin Decca ya ɗauki faifanta na farko a New York. A 1944 ta yi waƙar da ake kira "Strange Things Happening Every Day", wadda masana da dama ke lissafawa cikin faya-fayen da suka share wa kiɗan rok hanya. A 1947, a garin Macon, ta ji muryar wani yaro ɗan shekara 14, ta hau da shi dandali, ta kuma biya shi. Shi ne ya zama Little Richard. Elvis Presley bai fitar da faifansa na farko ba sai 1954, Chuck Berry kuma sai 1955. Gaskiya ne kiɗan rok kogi ne mai mashiga da yawa, ba mutum ɗaya ya haife shi ba. Amma mazan da aka naɗa sarakunansa daga baya, a bayanta suka taso. To, ina hikimar a auna uwa da tsawon 'ya'yanta?

Ga abin da hannunta yake yi. Yawancin mawaƙa sun ɗauki jita abin rakiya ne kurum, a riƙa share tsirkiya shida gaba ɗaya, murya tana bisa. Ita kuwa takan tsinci tsirkiya ɗaya ɗaya, ta rera baiti, jita ta amsa mata, kamar yadda 'yan amshi ke karɓa wa zabiya. Takan danne tsirkiya ta tura ta gefe har sautin ya lanƙwashe kamar kuka. Da ta koma jitar lantarki, sai ta riƙa buɗe na'urar ƙara sauti har amon ya yi kaushi. Waɗannan abubuwa su ne daga baya suka zama gishirin kiɗan rok. Mutanen cocinta sun yi ta zarginta saboda ta kai waƙoƙin ibada gidajen rawa, amma jama'a ba su guje ta ba: a 1951 mutum wajen 20,000 suka biya kuɗi suka shiga filin wasa a Washington domin ganin ɗaurin aurenta da jin kiɗanta.

Duk da haka, sa'ad da ta rasu a Philadelphia a 1973, bayan ciwon sukari ya sa an yanke mata ƙafa, an binne ta ba tare da ko alamar suna a kan kabarin ba. Haka ya zauna fiye da shekara 30, sai a 2008 aka shirya taron kiɗa aka tara kuɗin sassaƙa dutse. A wannan shekara ta 1973 ɗin ce kuma Memphis Minnie ta rasu, wadda ta yi tashe a Chicago tana kara kiɗa da maza tana cinye su. Ita ma kabarinta ya zauna babu suna har 1996, lokacin da wata makaɗiyar jita, Bonnie Raitt, ta biya kuɗin dutsen. Mace ce ta tuna da 'yar'uwarta.

Masu rabon girma ma ba su yi hanzari ba. Da aka fara shigar da mutane Zauren Gwanayen Kiɗan Rok na Amurka a 1986, maza zalla aka ɗauka, ciki har da yaron nan na Macon; Rosetta ba ta shiga ba sai 2018. Mujallar Rolling Stone ta jera gwanayen jita 100 a 2003, mata biyu rak suka sami shiga, watau Joni Mitchell da Joan Jett. Da mujallar ta sake jeri na mutum 250 a 2023, sai ga Rosetta ta zo ta 6, Joni Mitchell ta 9. Tsakanin waɗannan shekaru 20 hannun Rosetta bai ƙara koyon kome ba, tana kwance a ƙasa. Kunnen alƙalan ne ya buɗe.

Har yanzu in masu sha'awar wannan kiɗa suka zauna, gardama ba ta ƙarewa. Waɗansu gudun yatsa suke aunawa, su ce Joan Jett ba gwana ba ce, domin ba ta tsere a kan tsirkiya. Lalle ba ta yi, ba ta kuwa taɓa cewa fanninta ne ba. Aikinta riƙe gindin kiɗa, ta sauke hannu daidai ba gaba ba baya, yadda sauran za su sami abin takawa. Da wannan hannu waƙarta "I Love Rock 'n Roll" ta yi mako 7 tana ta ɗaya a Amurka a 1982. Maza da yawa da wannan aiki kaɗai suka yi suna, ba wanda ya tambaye su gudu.

In kuwa gudun ake so, ga Jennifer Batten. Michael Jackson ya ɗauke ta a 1987, ta bi shi zagayen duniya har sau uku, tana kaɗa wurin nan mai wuya na waƙar "Beat It" wanda Eddie Van Halen ya kaɗa a faifai. Bayan haka Jeff Beck, wanda makaɗa kansu ke sara wa, ya ɗauke ta cikin ƙungiyarsa. In dabara ake nema, ga Joni Mitchell: shan inna ya raunana mata hannun hagu tun tana yarinya, sai ta riƙa sake ɗaurin tsirkiyoyi ta hanyoyi iri iri don su dace da yatsunta, ta fito da amon da gwanaye ke wahalar kwaikwaya. Kowace da fanninta, kamar yadda maza suke.

Akwai kuma wani yabon da ya fi zagi ciwo, shi ne a ce, "Ta yi ƙoƙari, tun da mace ce." Wannan sadaka ce, gwani kuwa ba ya cin sadaka a kan sana'arsa. Ba kowace mace da ta rataya jita ce gwana ba, haka nan ba kowane namiji ba. Wadda ta yi kuskure a faɗa mata, wadda ta ƙware a yaba mata, da mudu ɗaya. Bahaushe ya ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Sai dai a sha'anin kiɗa ido shisshigi yake yi, hurumin kunne ne.

Wanda ke zaton Allah ya halicci tsirkiya domin hannun maza, ya leƙa maƙwabta. A wurin Abzinawa, imzad, wani ɗan'uwan goge mai tsirkiya ɗaya, mata ne ke kaɗa shi tun kaka da kakanni, alhali jita da ta zo musu daga baya ta zama ta maza. A ƙauyen Illighadad da ke jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar, wata yarinya, Fatou Seidi Ghali, ta riƙa ɗaukar jitar wanta tana koya wa kanta. A 2016 faifanta na farko ya fito, daga nan ƙungiyarta ta 'yan matan Illighadad ta kai kiɗan ƙauyensu Turai da Amurka. Ashe al'ada ce ke raba kayan kiɗa, al'ada kuwa takan bambanta daga wannan rijiya zuwa waccan.

Abin da ke cikin wannan zance ya wuce jita. Kowace sana'a tana da irin Rosetta, wadda ta ɗora harsashi, aka gina gida, aka rubuta sunan wani a ƙofa. Dutsen kabari da lambar girma ba su amfane ta da kome ba, domin ba ta gani ba. Masu rai su ne ake iya biya bashi. Saboda haka in mutum ya ji kiɗa ya ratsa shi, sa'an nan ya buɗe ido ya ga mace ce, kada ya rage daga abin da ya ji, kada kuma ya ce kamar namiji. Ya tambayi sunanta, ya riƙe, ya faɗa wa na kusa da shi tun tana da kunnen ji.