Boerewors: naman da ke naɗe kamar gammo a Afirka ta Kudu

Duk baƙon da ya sauka birnin Juhanasbag ranar Asabar da yamma, hayaƙi ne ke fara yi masa maraba. A bayan gidaje, a bakin filayen ƙwallo, a ƙofar manyan kantuna, ko'ina garwashi ne da ragar ƙarfe, bisa ragar kuwa wani dogon nama naɗe kamar gammo. Sunansa boerewors. Da harshen Afirkans, boer manomi ne, wors kuma shi ne naman da ake ɗurawa cikin hanji, irin wanda mutanen Yamai suka sani da margez. Asalinsa abincin Turawan nan ne manoma, jikokin ƴan ƙasar Holan da suka fara sauka a Kap a shekarar 1652.

Abin da ya kamata ɗan kasuwa ya lura da shi, wannan suna ba a yin wasa da shi. Dokar ƙasar ta ce sai nama ya kai kashi 90 cikin 100, kitse kuma kada ya wuce kashi 30, ba a sa kayan ciki. Mahaucin da ya kasa cika sharaɗi sai ya sayar da hajarsa da wani suna. Naman shanu ne ginshiƙi, ana haɗa shi da na tumaki ko na alade, a niƙa shi tsaki-tsaki, a zuba gishiri, binegar, kanumfari, gyaɗar ƙamshi da soyayyar ƙwayar koriyanda, wadda ita ce ke ba shi ƙamshinsa.

A nan ne matafiyi Musulmi zai buɗe ido. Ko da naman na sa ne zalla, sau da yawa hanjin da aka ɗura shi na alade ne. Saboda haka abokin tafiyata ya kai ni unguwar Fordsburg, inda mahauta Musulmi ke yin nasu da naman shanu da na tumaki, da tambarin halal a jikin takarda. Matambayi ba ya ɓata.

Hanya ta farko ta dafa shi ita ce gashi, wanda suke kira braai. Ana jira harshen wuta ya mutu, garwashi ya yi farar toka, sannan a ɗora naɗin ɗungurungum, ba a yanka shi. Wasu na soke shi da tsinke biyu a giciye don kada ya warware. Na ɗauki cokali mai yatsu zan juya, sai maigidan da ya sauke mu ya riƙe mini hannu: in aka huda fatar, romo ya tsiyaye cikin wuta, sai a ci busasshe. Da awartaki ake juyawa, cikin minti 15 zuwa 20 ya nuna.

Hanyoyin cinsa kuwa da yawa. A bakin titi ana sa guntunsa cikin dogon burodi da soyayyar albasa da miyar tumatir. A gida ana cinsa da pap, wato tuwon masara, tare da chakalaka, miyar karas da tattasai da wake mai yaji. Ranar da ruwan sama ya hana hura wuta, mata kan soya shi a kasko, ko su yayyanka shi cikin tukunyar ƙarfe mai ƙafa uku da dankali da kabeji. Akwai kuma droëwors, siririn da ake shanyawa ya bushe, guzurin matafiya, kamar yadda kilishi yake gare mu.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai, a Soweto na gan shi. A nan ne a shekarar 1976 ƴan makaranta suka fito zanga-zanga don ƙin koyon karatu da harshen Afirkans, ƴan sanda suka buɗe musu wuta. A wannan gari na tarar da wuraren da ake kira shisa nyama, wato ƙona nama da harshen Zulu: mutum ya sayi boerewors wurin mahauci, a gasa masa nan take, ya zauna ya ci da hannu. Sunan bai sake ba, masu cinsa ne suka ƙaru. Har marigayi Desmond Tutu, a shekarar 2007, ya yarda ya zama uban gangamin da ke kiran ƴan ƙasa duka su hura garwashi ranar 24 ga Satumba, ranar al'adun gargajiya.

Gashin nama bai raba gonaki daidai ba, bai kuma share talaucin unguwannin baƙar fata ba. Sai dai mutanen da doka ta hana zama kan benci ɗaya kafin zaɓen 1994, yau ga su suna gardama a kan wanda ya fi iya juya naɗi ɗaya. Mai karatu, in hanya ta kai ka can, ka tambayi hanjin kafin ka tambayi kuɗin.